Dakon Barewa a Wiskonsin

Juma'a, jajibirin buɗewa

Ina idar da sallar Juma'a a Madison abokin aikina ya ɗauke ni, muka miƙa arewa maso yamma zuwa gonar mahaifinsa a gundumar Sauk. Titi ya cika maƙil da a-kori-kura, kowace da akwatin ƙanƙara a baya. A ƙauyukan da muka ratsa, kusan kowace baranda da rigunan sanyi ruwan lemo a rataye, ana ba su iska don ƙamshin girki da na sabulu ya fita, kada barewa ta shinshino mutum tun daga nesa. Gobe ake buɗe farautar barewa da bindiga a jihar Wiskonsin. Lokacin ba ya sauyawa: a fara Asabar ɗin da ke gaban Ranar Godiya, bikin Amurkawa, a rufe Lahadin da ke bayanta, kwana tara cif. Mutum sama da rabin miliyan ke yankar lasisi saboda waɗannan kwanaki.

Nawa lasisin na ɗan rakiya ne. Dokar jihar ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 zuwa yau ba zai fita farauta shi kaɗai ba sai ya yi kwas ɗin riƙe makami ya ci jarrabawa. Wanda bai yi ba, ƙofa ɗaya aka bar masa: ya bi babba mai lasisi, kuma kada ya yi nisan da hannun jagoran ba zai kai gare shi ba. Ke nan ni da abokina mun zama tif da taya har a rufe. Akwai kuma wadda ta shafi baƙo irina. Dokar tarayya ta hana mai bizar wucin gadi riƙe bindiga, sai in yana da lasisin farauta mai rai. Lasisin yana cikin wayata, amma na buga shi a takarda na cusa a aljihun ciki, don batir ba abin yarda ba ne a wannan sanyi.

Mai gidan tsoho ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tatsar shanu, har gwiwa ta ajiye shi. Baba nake ce masa. Bayan abincin dare ya tsayar da mu a kicin, har ɗan nasa mai furfura, ya biya mana karatun da kowane maharbi a jihar nan ya haddace. Kowace bindiga ka ɗauka a ɗure take. Bakinta kada ya kalli abin da ba ka son rasawa. Ka tabbatar da abin da kake auna, da abin da ke gabansa, da abin da ke bayansa. Yatsa kuma ba shi da hulɗa da kunama sai lokacin harbi ya yi. Akwai kwalaben giya a baranda suna shan sanyi, ya nuna su da haɓa ya ce ba mai buɗe ko ɗaya sai bindigogi sun koma kabad an kulle.

Asabar, ranar buɗewa

Na yi asuba a falo kowa na ɗaure igiyar takalmi. Muka fita cikin duhu da tocila, bindiga ba harsashi, ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa saboda daskarewa. Wurin dakonmu 'yar bukkar katako ce a kan dogayen ƙafafu, a gefen gonar masarar da aka girbe.

Harbi yana halatta daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa minti 20 bayan faɗuwarta, kuma akwai jadawali na kowace rana a littafin dokokin. Saura 'yan mintuna lokaci ya cika, muka ji ƙara ɗaya daga bayan tudu. Abokina ya duba agogo ya girgiza kai. Da lokacin ya yi kuwa, tudu da kwari suka ɗauka, nan tau, can tau, har rana ta fito sosai.

Wajen hantsi uwa da 'ya'yanta biyu suka ɓullo a kan ƙoƙuwar tudun da ke gabanmu. Ta tsaya cak, gefenta a buɗe, babu ko reshe tsakaninmu. Abokina ya ɗaga bindiga, ya leƙa madubin saiti, ya daɗe, sannan ya sauke. Na dube shi. Ya raɗa mini cewa bayanta sarari ne, kuma gangaren tudun akwai titi da gidan mutane. Harsashin irin wannan bindiga yana iya tafiyar sama da kilomita uku in bai sami ƙasa ta tare shi ba. Da ya harba ya samu, ba jami'in da zai ce masa uffan, don lokaci ya yi, lasisi na aljihu, dabbar kuma ta halatta. Muka zuba musu ido har suka gangara.

Rigar lemon nan da nake ta jin kunyarta wajibi ce tun 1980. Rabin suturarka daga ƙugu zuwa sama dole ta zama wannan launi, hula ma haka in ka sa. Idon barewa ba ya rarrabe shi da kyau daga launin daji, idon ɗan Adam kuwa yana tsinkayo shi daga wancan tudu. A 2016 jihar ta zama ta farko da ta yarda da ruwan hoda mai ƙyalli a madadinsa. Jikar Baba, 'yar sakandare da ta riga ta ci jarrabawarta, ta ce ita ba ta roƙi kowa hoda ba, a bar mata lemonta.

Ita ce ma ta fara kawo nama. Tana tare da kakanta a ɗaya ɓangaren gonar, ta sami namiji mai ƙaho rassa takwas, harbi ɗaya bayan kafaɗa, ta huhu. Bai yi nisa ba ya faɗi. Mun isa tana durƙushe ta naɗe hannun riga, Baba yana tsaye a kanta hannunsa a aljihu, bakinsa kawai ke aiki. Ta tsaga fatar ciki da tsinin wuƙa yana kallon sama, yatsu biyu a ƙarƙashi suna danne tumbi kada ya fashe ya ɓata nama. Tururi ya turnuƙe fuskarta. Ta zura hannu har gwiwa cikin ƙirji ta yanke maƙogwaro, ta janyo kayan ciki gaba ɗaya suka zube kan ganye. Ta ware zuciya da hanta a leda. Sai ta goge hannu da dusar ƙanƙara, ta ciro waya ta yi rajista: gunduma, jinsin dabba, gonar mutum ce ko dajin gwamnati. Aka turo mata lamba. Doka ta ba da har ƙarfe biyar na yammacin washegari.

Kafin 2015, in ji Baba, sai ka ɗora dabbar a mota ka kai gidan mai ko mashaya inda ake rajista, a gani da ido, a maƙala mata alamar ƙarfe, gari ya taru ana kallo ana ƙarya. Yanzu kai da wayarka ne. Na tambaya me zai hana mutum yin shiru. Ya ce tara, da ƙwace bindiga, da soke lasisi, kuma sokewar tana bin ka kusan duk jihohin ƙasar saboda yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Ya ɗan yi shiru ya ƙara da cewa maƙwabta ma suna ƙirga ƙarar bindiga.

Da dare suka soya zuciyar da albasa. Ni ƙwai na ci. A mazhabarmu ta Malikiyya sharaɗi ne maharbin ya zama Musulmi, ko da yake wasu mazhabobin sun sassauta a kan Ahlul Kitabi. Na yi musu bayani a taƙaice, Baba ya ce to sai in harbo tawa.

Lahadi

Da safe aka yanke kan namijin jiya da ɗan tsawon wuya, aka cire ƙahon, aka sa sauran a baƙar leda. Muka kai wani akwati da hukumar albarkatun ƙasa ta jiha, wadda kowa ke kira DNR, ta ajiye a gefen wani shago. Ka cike takarda ka nuna inda aka harbi dabbar a taswira, ka jefa. Za su ciri kaluluwar wuya su auna, kyauta.

Cutar da ake nema sunanta CWD, mai ramar da barewa har ta mutu. A 2002 aka fara tabbatar da ita a Wiskonsin, a jikin bareyin da aka harba kakar da ta gabata kusa da Mount Horeb, a gundumar Dane da ke maƙwabtaka da nan. Wani gurɓataccen furotin ne ke kawo ta, yana cin ƙwaƙwalwa a hankali. Ba magani, ba rigakafi, dafuwa ba ta kashe shi, kuma yana shekaru a cikin ƙasa. Dabba kan yi fiye da shekara tana ɗauke da shi tana ƙiba abinta. Har yau ba a tabbatar ya kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman da aka samu da shi.

Saboda wannan cuta aka hana zuba wa barewa abinci a gundumar nan da maƙwabtanta. A gundumomin da ba a hana ba ma, galan biyu ne iyaka. A hanyar dawowa abokina ya ce ya hango tsibin masara a dajin maƙwabcinsu na gabas, ƙasan wata bishiya mai tsani. Baba ya yi tsaki.

Na ce, "Baba, mu ma fa bakin gonar masara muke zaune. Mene ne bambancin?"

Ya ce, "Gonar eka arba'in ce, ɗana. Barewa ta shigo ta inda ta ga dama, ko ta ƙi zuwa. Tsibin can faɗin tire ne. Kowace ta zo a wuri ɗaya za ta sa hanci, yawun mai ciwo a kan na mai lafiya."

Bai ce zai kira hukuma ba, bai ce ba zai kira ba. Da rana kowa ya watsar da daji ya zauna kallon ƙwallon Green Bay Packers.

Litinin

Dusar ƙanƙara tun dare. Mun zauna har yatsun ƙafata suka daina amsa kira, ko wutsiya ba mu gani ba.

Zaman banza ya sa na yi ta juya wani lissafi. Wajen 1900, bareyi masu farar wutsiya da suka rage a duk Amurka ba su wuce rabin miliyan ba. Yau ana ƙiyasta su kusan miliyan 30. Masu harbi don kasuwa ne suka kusa ƙarar da su, ana loda nama a jirgin ƙasa zuwa manyan birane. Dokar Lacey ta 1900 ta haramta ketare iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi kuma suka rufe cinikinsa. Har yau naman barewar daji ba na sayarwa ba ne: ka ci, ka ba maƙwabci, ko ka kai shirin da ke raba wa mabuƙata. Sai dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ɗauki harajin dogayen bindigogi da harsasai, wanda yau kashi 11 cikin ɗari ne, ta mayar wa jihohi don kula da namun daji, da sharaɗin kada jiha ta karkatar da kuɗin lasisi zuwa wani aiki. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne ya fi burge ni, don na san inda kuɗi irin wannan kan bi.

Mu ma a Najeriya ba doka muka rasa ba. An keɓe Yankari tun 1956, kuma Jihar Arewa ta yi dokar namun daji a 1963. Amma gada da gafiya da zomo suna nan ƙyafaffu a bakin titi, kuma maharbin da ya kawo su hatsin gida yake nema da kuɗin. Maharbin nan na Sauk yana da shanu ko albashi, asarar barewa ɗaya ba ta hana tukunyarsa tafasa. Duk wanda zai yi wa namu wa'azin ladabin farauta ya fara da sanin wannan.

Talata

Surukin gidan ya iso daga birni jiya da dare da sabuwar bindiga. Yau gab da rufe harbi, haske ya fara ja baya, muka ji ƙara uku a jere daga wajensa. Abokina ya ce harbi ɗaya nama ne, uku kuwa labari ne.

Mun same shi yana haki, yana cewa namiji ne babba, a guje yake, amma ya tabbata ya samu. Baba ya iso a hankali da sandarsa, ya karɓi tocila, ya sunkuya. Gashi fari ya watse a kan dusar ƙanƙara. Gaba kaɗan jini, baƙi-baƙi, ba kumfa, gauraye da wani abu kore-kore. Ya dangwala da yatsa ya kai hanci.

Ya ce, "Tumbi."

Surukin ya ce a bi shi yanzu tun sawu na ɗanye. Baba ya ce ba mai ƙara taku ɗaya. Dabbar da aka samu a ciki, in an ƙyale ta, ba ta nisa take kwanciya, kuma a nan za ta mutu. In aka tashe ta, sai ta yi kilomita tana gudu, jinin ya ƙafe, a rasa ta, ta je ta mutu inda ba mai gani. Mafi ƙaranci awa takwas, gara sha biyu. Ya ɗaura farin ƙyalle a reshe daidai jinin ƙarshe. Sawun ya nufi wayar shingen gabas.

Babu dokar da aka karya yau. Lokaci bai fita ba, dabbar ta halatta, kuma littafin bai faɗi nisan da za ka harba ba, bai hana harbin mai gudu ba. Abin da ya ɗora wa maharbi shi ne ya yi bakin ƙoƙarinsa wajen nemo abin da ya raunata. Hukuma garke take lissafi, da rayukan mutane. Wahalar dabba ɗaya da ke kwance cikin sanyi da hudajjen tumbi, wannan an bar wa mai yatsa a kan kunama.

Barci ya ƙi zuwa, sai babin farauta na Risala ta Ibn Abi Zaid ya dawo mini, wanda muka karanta a zaure muna ɗokin a wuce shi don ba mu ga ranar amfaninsa ba. Farautar da aka yi don nishaɗi kawai makaruhi ce. A ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya ko kare. In ka tarar da dabbar da sauran rai, sai ka yanka. In ta ɓace maka har ta kwana, an yi saɓani a kan cinta, kuma malamai sun ce wanda ya yi sakaci wajen bin ta har yanka ya kuɓuce masa, ya yi asara. Fiƙihu yana tura ka ka bi da sauri, Baba yana cewa ka dakata. Da na auna, sai na ga duka biyun mutum ɗaya suke tuhuma, wato wanda ya saki harsashin da bai tabbatar da inda zai sauka ba. Can cikin dare diloli irin na nan, da ake kira koyoti, suka fara kuka daga gabas.

Laraba

Gari na wayewa Baba ya ɗauki waya ya kira maƙwabcin gabas, mai tsibin masara. A Wiskonsin ba sai an kafa allo ba kafin shiga filin mutum ya zama laifi. Ko dabbar da ka harba ce ta faɗi taku biyu bayan shinge kana kallonta, sai da izini. Maganar iyaka a lokacin farauta ba a wasa da ita a jihar nan. A Nuwamban 2004, a gundumar Sawyer can arewa, gardama kan wani maharbi ɗan ƙabilar Hmong da aka tarar a kan bishiyar dako cikin filin wasu ta ƙare da mutuwar mutum shida, shi kuma yana ɗaurin rai da rai. Abokina ya ba ni labarin a mota tun ranar Juma'a, kuma na fahimci dalilin da ya sa ya ba baƙon fata irina.

Maƙwabcin ya amince, da sharaɗin a bar bindigogi a gida kuma shi ma ya bi mu. Aka kira wata mata mai karen bin jini, ɗan guntun kare mai dogon jiki da kunnuwa har ƙasa. Farautar barewa da karnuka haramun ce a jihar, abin da zai ba mafarautan garinmu dariya, su da ba sa fita sai da garken karnuka da gora da kiɗa. Amma an yarda a nemi wadda aka raunata da kare, in yana ɗaure da igiya. Matar ta kai shi gindin farin ƙyallen, ya sa hanci, ya ja ta. Mu ba ma ganin komai sai ɗigo ɗaya nan, ɗaya can a kan ganye, shi kuwa ko waiwaye. Muka wuce ta gefen tsibin masarar, kowa ya kalli gabansa.

A bakin wani ɗan rafi muka same shi, ƙafafun gaba cikin ruwa. Diloli sun riga mu. Cinyoyin baya sun tafi, ciki ya kumbura, wari ya tare mu tun kafin mu ƙarasa. Surukin ya zagaya shi, ya ce shi dai zai yanke ƙahon, tunda naman ya lalace ai ba sai ya ƙona izininsa na namiji a kai ba, da sauran kwanaki.

Baba ya ce, "Kai ka harbe shi. Naka ne. Ciro wayarka."

Ya ciro. Aka tsira da kafaɗa ɗaya da ɗan naman wuya. Da muka juyo, Baba ya ja baya ya jera da maƙwabcin, na ji yana ce masa masarar nan za ta jawo masa tara, kuma ba daga bakinsa ba. Mutumin ya ce ai ta tsuntsaye ce. Surukin kuma an gaya masa baɗi sai ya nuna takardar saiti daga filin koyon harbi kafin ya taka gonar.

Alhamis, Ranar Godiya

Uwar gidan ta sa an sayo talotalon daga shagon halal a Madison saboda ni, ba ta kuma faɗa ba sai da na ga ledar. Tebur ya cika, gardama ta fi shi cika.

Jikar ce ta tayar da ita. Harsashin dalma, in ya shiga jiki, yana tarwatsewa ƙanana-ƙanana har nesa da ramin. Kayan cikin da ake bari a daji gaggafa mai farin kai ke saukowa ta ci, kuma ɗan ɓarɓashi ya isa ya kashe ta. Kalifoniya ta hana dalma a kowace irin farauta tun 2019. Wiskonsin ba ta hana a farautar barewa ba. Yarinyar da na jan ƙarfe take harbi. Baba, wanda jiya ya tsare suruki a kan gaskiya, ya ce shi da dalma ya saba, akwatunan da ya saya tun da daɗewa ba su ƙare ba, kuma gaggafa ta fi yawa yanzu a kan lokacin ƙuruciyarsa. Ta ce wannan ba hujja ba ce. Ya ce a miƙo masa dankali. A nan ina bayan yarinyar.

Daga nan aka koma kan gonakin da ake kiwon bareyi cikin dogon shinge, mai kuɗi ya biya ya shiga ya harbi mai manyan ƙaho. Doka ta yarda, amma duk teburin ba wanda ya kira shi farauta. Ƙungiyar Boone and Crockett, da Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya kafa da abokansa a 1887, ba ta karɓar irin wannan ƙaho a kundinta, don ƙa'idarta ita ce dabba ta kasance tana da hanyar tsira. Shi Roosevelt ɗin ne a 1902, a Misisipi, ya ƙi harbin beyar da aka ɗaure masa a jikin bishiya.

Surukin, da ya sami bakin magana, ya kawo ƙorafi a kan Ojibwe, 'yan asalin arewacin jihar, wai su an bar su suna harbi da dare da fitila. Gaskiya ne wata alƙaliyar tarayya ta ba su wannan dama a 2015, da sharuɗɗa masu tsauri. Amma haƙƙin farautar nasu yana cikin yarjejeniyoyin 1837 da 1842 da suka ba da ƙasar a kansu, kotu kuma ta tabbatar da shi a 1983. Jihar kanta sai 1848 aka kafa ta. Uwar gida ta kawo kek, maganar ta mutu.

Juma'a

Na koma Madison sallar Juma'a, muka biyo ta garin Baraboo a dawowa. A bakin kogin Wiskonsin kusa da nan masanin namun daji Aldo Leopold ya sayi gajiyayyar gona ya mai da akurkin kaji ɗakin kwana, wurin da ya haifar da littafinsa A Sand County Almanac, da ya fito a 1949 bayan rasuwarsa. Yau kowa na alfahari da shi. A 1943, da ya dage cewa bareyi sun fi ƙarfin daji, suna cinye tsiron itatuwa suna mutuwa da yunwa, don haka a harbi mata, maharban jihar zaginsa suka yi ta yi. Har yanzu ƙaho ake rataya a bango, alhali rage mata ne ke rage garke. Lasisina ya zo da izinin mace a wannan gunduma, a filin mai zaman kansa.

Asabar

Jikar ta ara mini bindigarta, wadda da ita na yi ta koyon saiti a watan jiya, da harsasanta na jan ƙarfe. Da la'asar sakaliya mace ta fito daga cikin itatuwa, matashiya na biye da ita. Na raɗa wa abokina, 'yar fa? Ya ce haihuwar bazara ce, ta kai wata shida, an daɗe da yaye ta.

Uwar ta fuskanto mu, ƙirji a gaba. Ya ce jira. Ta sunkuya, ta ɗago, ta kaɗa kunne. Zuciyata tana bugawa har a cikin madubin, alamar saitin tana rawa. Ya ce in fitar da numfashi rabi in riƙe. Ta juya gefe, tazarar ba ta wuce yadi sittin ba, bayanta gangaren tudu ne, ƙasa zalla. Na ɗora alamar bayan kafaɗa, ƙasa-ƙasa kaɗan, na ce Bismillahi Allahu Akbar, na matsa.

Ta yi tsalle, ta ruga, farar wutsiyar a ƙasa, ta faɗi muna kallo kafin ta kai bakin itatuwa. Tunda a idonmu ta faɗi ba wani jira. Muka sauko, na zagayo ta bayanta da wuƙa a hannu ko da sauran rai. Abokina ya taɓa idonta da tsinke, bai ƙifta ba. Jinin da ke bakin ramin ja ne wur mai kumfa. Na daɗe a tsugune kafin hannuna ya daina karkarwa.

Fiɗa dai ba a koya wa wanda ya tashi yana riƙe ƙafar ragon layya, har Baba ya ce wuƙata ta fi ta ɗansa tsabta. Na yi rajista tun a wurin. Kan ya tafi akwatin gwaji. Naman kuma mu muka yanyanka shi a gareji, don mahautan nan sukan haɗa niƙaƙƙen naman barewa da kitsen alade, wani lokaci ma su gauraya na mutane da yawa a inji ɗaya. Kowane ƙunshi na rubuta masa lambar rajista kafin ya shiga firiza. Ba mai taɓa shi sai sakamako ya fito.

Lahadi, ranar rufewa

Yarinyar ta duba shafin hukumar da hantsi. Namijinta, mai ƙiba da sheƙin gashi, yana ɗauke da cutar. Zuciyarsa kuwa an riga an cinye ta tun daren farko.

Uwar gida ta ce a kwashe naman duka a kai kwandon da aka tanada don gawar bareyi. Baba ya ce shekara nawa yana cin barewar tudun nan ba abin da ya same shi, kuma zubar da nama mai kyau alhaki ne. Ta ce shi ya ci in yana so, jikokinta ba za su ci ba. Aka raba firiza biyu, aka rubuta sunansa a kan ƙunshi shida da ya ƙwace, sauran ɗansa ya loda a mota. Yarinyar ta riƙe ƙahonta, ba ta ce komai ba. Nawa sakamakon sai wani mako ko fiye.

Da yamma harbi ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Muna haɗa kaya Baba ya fito daga ɗaki da wata doguwar bindiga, da gwangwanin albarushi da sandar ɗuri. Bindigar toka ce sak, irin ta maharban ƙauyenmu, sai dai tata ƙirar masana'anta ce. Gobe Litinin ake buɗe kwana goma na masu irinta, harbi ɗaya sannan ka tsaya ka sake ɗuri. Ya tambaye ni ko ina da aiki gobe. Na ce ina da shi. Ya ce to Asabar.